Ƙaramin obin na lantarki mai lita 45: abin da yake iyawa a kicin da inda yake gazawa

Duk wadda ta leƙa shagunan kayan lantarki a kasuwar Sabon Gari ta Kano ko kasuwar Sheikh Gumi ta Kaduna ta ga irin wannan obin jere a kan kanta: akwati mai ƙofar gilashi, makunnai uku ko huɗu a gefen dama, sandunan wuta biyu a sama biyu a ƙasa, wani da fanka a ciki wani babu. Sunayen kamfanonin da ke jikinsu sun sha bamban, amma in an kwance bayansu kusan ginin ɗaya ne, shi ya sa wannan sharhi ya shafi samfurin gaba ɗaya, wato mai lita 45 ko abin da ya yi kusa da haka, mai makunnin murɗawa, mai cin wuta wat 1,800 zuwa 2,000. Hukuncinmu a taƙaice shi ne obin ne mai kyau ga uwargidan da ke gasa wa iyali da baƙi, da sharaɗi biyu: kada ta yarda da lambar da ke jikin makunnin zafi, kuma ta tabbata wutar gidanta za ta iya ɗaukarsa.

A fara da girma, domin nan ake fara yaudarar mai saye. Lita 45 ɗin da aka rubuta a kwali lissafin dukkan sararin ciki ne, har da inda sandunan wuta suke da kusurwoyin da ba abin da zai shiga. Abin da ya dami mai gashi shi ne faɗin raga. A yawancinsu faɗin ciki yana wajen santimita 40, zurfi kuwa bai kai haka ba. Gwangwanin kek zagayayye mai inci 8 ko inci 10 yana zama daram, tiren ƙananan kek mai gurbi 12 ma yana shiga, haka tire mai inci 9 da 13. Gwangwani biyu masu inci 8 a jere kuwa, ko sun shiga sai sun matse jikin bango, kuma gefen da ya taɓa bango shi zai fara ƙonewa. Shawara ita ce ki tafi kasuwa da tef ɗin awo ko da gwangwanin da kika fi amfani da shi, ki sa a ciki ki rufe ƙofa. A bar aƙalla yatsu biyu tsakanin gwangwani da bango ta kowane ɓangare, saboda iska mai zafi ta samu hanyar zagayawa.

Akwai matakan raga uku ko huɗu a jikin bangon, amma kada wannan ya sa ki ɗauka za ki gasa tire biyu na kek lokaci guda. Na sama zai tare wutar sama, na ƙasa ya tare ta ƙasa, sai ki fito da ɗaya mai ƙonannen kai da ɗanyen gindi, ɗayan kuma akasin haka. Biskit da gireba ne kawai ake iya yi wa hawa biyu, shi ma sai an sauya musu wuri a tsakiyar gashi.

Babbar matsalar wannan obin ita ce zafinsa ba ya tsayawa inda aka ce masa. Tamostat ɗinsa, wato abin da ke kunna wuta da kashe ta don daidaita zafi, na ƙarfe ne mai lanƙwasa idan ya ji zafi: sanduna su kama su yi ja, zafi ya wuce inda aka saita, su mutu, zafi ya sauko ƙasa da inda aka saita, su sake kamawa. A babban obin wannan hawa da sauka ba ya yin illa sosai, domin kek yana nesa da wuta. A nan kuwa tsakanin kan kek da sandar sama bai wuce tsawon yatsa ko ɗan fi ba, saboda haka duk lokacin da sandar ta yi ja, kai tsaye take dukan saman kwaɓin. Ga kuma saɓani tsakanin makunni da gaskiya. Ba abin mamaki ba ne ki saita digiri 180 ki tarar cikin ya kai 200, a wani kuma bai wuce 165 ba, ko da kamfani ɗaya ya yi su.

Maganin wannan ba ya da tsada: ma'aunin zafi na obin, ɗan zagayayyen nan mai allura da ake ratayewa a raga, wanda masu sayar da kayan kek suke da shi. A ranar farko, bayan an kunna obin ɗin babu komai a ciki na minti 15 a kan zafi mafi girma don man masana'anta ya ƙone (zai yi hayaƙi da wari, a buɗe taga), sai ki rataye ma'aunin a tsakiya. Ki saita 160, ki jira minti 20, ki duba allura sau uku da tazarar minti biyar-biyar, ki rubuta matsakaicin. Ki maimaita a 180 da 200. Abin da kika samu ki rubuta a takarda ki manna a bangon kicin. Daga ranar, lambar takardarki ce abin bi.

Akwai gwaji na biyu mai nuna inda wuta ta fi ƙarfi. Ki jera yankan burodi a kan raga har su cika ta, ki gasa a 180 na 'yan mintuna, ki ciro. Yankan da suka fi yin duhu sun nuna miki wurin da ke ƙona abu. Galibi can ciki ne ta baya, gaban kuma ya fi sanyi saboda gilashin ƙofar falle ɗaya ne tak, zafi na fita ta nan. Shi ya sa ake juya gwangwani, gaba ya koma baya, amma sai bayan kashi biyu cikin uku na lokacin gashi ya wuce.

Ga kwaɓin da ya fi tona asirin obin, kek ɗin bota na gida. Bota ko majarin gram 250, suga gram 200, ƙwai 5 matsakaita, fulawa gram 250, bakar hoda ƙaramin cokali ɗaya da rabi, filebo ƙaramin cokali ɗaya, madara babban cokali biyu zuwa uku in kwaɓin ya yi tauri. A buga bota da suga har su yi fari su yi sauƙi, minti biyar zuwa bakwai da injin hannu, a riƙa sa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, sannan a tankaɗe fulawa da bakar hoda a juya da ludayin roba a hankali. Wannan ya isa gwangwani mai inci 8 mai zurfi. A wannan obin, 160 na gaskiya ya fi 180 da littattafan girki ke faɗa, wuta sama da ƙasa, fanka a kashe, raga a mataki na biyu daga ƙasa. Yana ɗaukar minti 50 zuwa awa ɗaya. Idan an kai minti 30 saman ya riga ya yi ja, a yafa masa foyil sako-sako, kada a danne. An gama idan tsinken sakace ya fito ba ɗanyen kwaɓi, kuma gefen kek ya ɗan janye daga jikin gwangwani.

Da wannan tsari kek ɗin yana fitowa lafiya lau, cikinsa a tsare, launinsa ruwan zuma. In aka bi 180 na makunni ba tare da gwaji ba, abin da aka saba gani shi ne kai ya yi tozo ya tsage, gefe ya bushe, tsakiya kuma da saura. Dalili shi ne saman ya yi ɓawo tun cikin bai gama tashi ba, sai kwaɓin ciki ya fasa ɓawon ya fito. Idan kuwa gindin ne ke ƙonewa, a duba gwangwanin: baƙi marar kauri yana jan zafi fiye da farin alminiyam mai kauri. A ɗaga raga mataki ɗaya, ko a sa tiren obin ɗin babu komai a matakin ƙasa ya zama garkuwa. Kek ɗin da ya lotsa a tsakiya kuma abu uku ne ke jawo shi: an buɗe ƙofa da wuri, bakar hoda ta yi yawa, ko zafi ya faɗi ana tsaka da gashi. Obin ƙarami ne, buɗe ƙofa na daƙiƙa goma kawai yana zubar da zafi mai yawa, don haka a minti 25 na farko a leƙa ta gilashi kurum. Mai fitila a ciki ya fi saboda wannan, kuma ba duka ke da ita ba, a tambaya.

Ba kowane laifi ne na obin ba, gaskiya. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, majarin yana narkewa tun a roba, kuma wanda ya narke ba ya riƙe iska komai daɗewar bugu. Sakamakon shi ne kek mai nauyi, mai layin danƙo a ƙasa. A sa majarin a firij na ɗan lokaci har ya zama yatsa na lotsa shi amma ba ya malala, ko a yi kwaɓi da sassafe. Da hunturu kuma akasin haka ne: bota ta yi tauri, ƙwai su yi sanyi, kwaɓi ya tsinke ya yi gudaji-gudaji. Ƙwan a jiƙa su a ruwan ɗumi minti biyar kafin a fasa. Masu gashi a Jos, inda tudu ya kai wajen mita 1,200, su ɗan rage bakar hoda, domin kwaɓi ya fi saurin tashi a can, kuma abin da ya tashi da gaggawa yakan faɗi.

Fanka ita ce abin da masu shago suka fi tallatawa, kuma tana da amfani, sai dai ba ga kek ba. A irin wannan obin a gefe ɗaya take, kusa da abinci, sai ta riƙa tura ɗanyen kwaɓi ya tashi a karkace, musamman ƙananan kek. Inda take haskawa shi ne biskit, mitfai, dankali da kaza. In an kunna ta a rage zafi da digiri 15 zuwa 20.

Ƙananan kek a 170 suna ɗaukar minti 18 zuwa 22, a cika gurbi kashi biyu cikin uku. Mitfai yana son wuta fiye da haka, 185 zuwa 190 na minti 25 zuwa 30, a shafa ƙwai a kai, a huda da cokali mai yatsu don tururi ya fita. In haɗin ciki da ɗumi aka naɗe shi, man da ke cikin fulawa zai narke tun kafin gashi, ya fito a baje.

Gireba ce ta fi ba da wahala a nan, kuma ita ce ta fi nuna amfanin ma'aunin zafi. Fulawa gram 500, niƙaƙƙen suga gram 200, man gyaɗa wajen mililita 200 ana zubawa kaɗan-kaɗan ana murzawa da hannu har in an dunƙula ya kama bai wargaje ba. A danna a ƙaramin ludayi ko abin fitar da siffa, a barbaɗa riɗi. Gireba mai kyau fara ce, gindinta kaɗai ke ɗan canja launi, tana narkewa a baki. Wutar sama ta wannan obin kuwa saurin ba ta launi take yi, riɗin ya ƙone ya yi ɗaci. Abin da ke aiki shi ne 150, a fara da wutar ƙasa kaɗai na minti 15, sannan a haɗa da ta sama na minti biyar zuwa takwas. Kada a taɓa ta da zafi, rugujewa za ta yi. A bar ta a tire sai ta huce sarai. Makunnin da ke ba da damar zaɓar sama kaɗai, ƙasa kaɗai ko duka biyun, shi ne abin da ba za mu sayi obin babu shi ba. Wasu ma suna da makunnin zafi daban na sama da na ƙasa, kuma wannan ya cancanci ƙarin kuɗin da ake ɗora masa.

Nama fa? Kazar gidan gona mai kilo ɗaya da rabi tana gasuwa a 190 cikin awa ɗaya da kwata ko ɗan fi, sai ruwan da ke fita daga cinya ya zama garau babu ja. Mai ma'aunin nama ta nemi digiri 75 a tsokar cinya. Kazar Hausa sai an fara sulala ta da kayan ƙamshi, in ba haka ba za ta bushe ta yi tauri kafin ta nuna. Ƙarfen juya kaza da ke zuwa da obin ɗin kwalliya ce ta fi yawa: injinsa ba ƙarfi, in kazar ta yi nauyi ko ba a ɗaure fukafukai da ƙafafu ba sai ta riƙa taɓa sandar wuta, maiƙo na ɗiga yana hayaƙi. Gasawa a tire a juya sau ɗaya ya fi sauƙi. Sannan a sani, bota tana ɗaukar wari. Obin ɗin da aka gasa kifi da daddare ba a goge ba, kek ɗin safe sai ya faɗa. A goge da ruwan ɗumi da sabulu, a kunna shi minti goma da kwanon ruwa da yankan lemon tsami a ciki.

Sai maganar wuta, wadda ita ce za ta yanke hukuncin ko ki saya ko ki haƙura. Wat 2,000 a kan bolt 230 yana jan amfiya kusan 9. Soket ɗin bango mai amfiya 13 da aka ja masa waya mai kauri zai ɗauka ba matsala. Ekstenshan mai arha mai siririyar waya ba zai ɗauka ba: zai yi zafi, roba ta narke, kuma gobara daga nan take farawa. A jona shi a bango kai tsaye, shi kaɗai, ba tare da hita ko dutsen guga a layi ɗaya ba. Bayan minti 20 da kunnawa a taɓa kan fulogin. Ɗumi kaɗan ba komai, amma in ya yi zafin da hannu ba ya jurewa, a kira mai gyaran wuta ya canja soket.

Ƙaramin janaretan nan da ake kunna fitila da talabijin da shi bai kai wat 1,000 ba, ba zai motsa wannan obin ba. Sai janareta mai kVA 2.5 zuwa 3, shi ma a kashe firiza da famfon ruwa. Masu sola su duba ƙarfin inbatarsu da kyau, kuma su yi gashin da rana tsaka lokacin da faranti ke ba da wuta, kada batir ya sha wahala. Game da kuɗin mita, awa ɗaya ta gashi ba ta kai yunit biyu ba, tunda sanduna na kamawa suna saki. Ga masu layin Band A, waɗanda hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga musu farashi a 2024 ya haura naira 200 kowane yunit, wannan lissafi ne da ya kamata mai sayar da kek ta sa a cikin farashinta.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne raunin wuta. Zafin sanda yana faɗuwa fiye da yadda bolt ya faɗi. In wutar unguwa ta sauko 200, obin mai wat 2,000 yana ba da wajen 1,500 ne kawai. In ta kai 180, bai fi 1,200 da ɗan kai ba. Fitilar makunni za ta kama, agogo na tafiya, amma cikin ba zai kai zafin da ake so ba, ko ya kai ba zai dawo da wuri ba bayan an buɗe ƙofa. Kek ya daɗe, ya bushe, bai tashi ba, a zargi bakar hoda alhali ba ruwanta. Alamar ita ce obin ya wuce minti 20 bai kai 180 a ma'auni ba, lokacin da a wuta mai kyau minti 10 zuwa 15 ya isa. Sitabilaiza na iya taimakawa, amma sai babba mai 5,000VA. Ƙananan na firij da talabijin ƙonewa za su yi.

In aka ɗauke wuta ana cikin gashi, kada a buɗe ƙofa. Bangon obin ɗin siriri ne, ba ya riƙe zafi, amma in kek ya riga ya yi minti 40, barinsa a rufe na minti 10 zuwa 15 yakan ƙarasa shi. In kuwa a minti 20 na farko ne, sai a koma ga dabarar iyaye: babbar tukunya da yashi ko gishiri a ƙasa, a ɗora a gas ta yi zafi sosai, a sa murfin gwangwani ko 'yan duwatsu a kan yashin, sannan a ɗauko kek ɗin a hankali a mayar ciki a rufe. Ba zai tashi kamar yadda ya so ba, amma ba a yi asarar ƙwai biyar ba. Wadda wutar unguwarsu ba ta da tabbas, ta ɗora tukunyar a ƙaramar wuta tun lokacin da ta sa kek a obin. Wasu suna ajiye tayil marar sheƙi a kan ragar ƙasa don ya riƙe zafi. Yana rage hawa da saukar nan, sai dai yana ƙara lokacin ɗumama obin, kuma kada a ɗora shi kan sandar wuta kai tsaye.

Agogonsa na murɗawa ne, yawanci minti 60, yana kashe wuta ya buga ƙararrawa. Kek mai kauri yakan wuce haka in an haɗa da lokacin ɗumamawa, don haka a nemi mai wurin da ake murɗawa baya ya zauna a kunne, a riƙa duba lokaci a waya. Jikinsa na waje yana zafi ƙwarai, sama da gefe da gilashi, ya isa ya ƙona hannun yaro. A ɗora shi a wuri mai tsayi, a bar tazarar santimita 10 daga bango, kada a ajiye leda ko roba a kansa. Ruwan sanyi in ya fantsama kan gilashin yana da zafi, yana iya tarwatsewa.

Wajen gyara, makunnin murɗawa ya fi allon dannawa dacewa da wutarmu, domin ba shi da allon lantarkin da wuta mai ƙarfi za ta ƙona in an dawo da ita. Sanda, tamostat da agogo duk masu gyaran kayan wuta suna canja su. In kek ya fara gasuwa gefe ɗaya kawai, a kunna obin a duhu a duba ko wata sanda ta daina ja. Masu sayen na hannu su karanta lambar da ke baya: wanda aka yi don Amurka bolt 120 ne, ana jona shi a wutarmu zai ƙone nan take. Tiren ɓurɓushi na ƙasa a riƙa zare shi ana wankewa, in ba haka ba suga ya ƙone ya yi hayaƙi, kyankyasai kuma su mayar da cikin gidansu. Soson ƙarfe yana kankare rufin bangon ya jawo tsatsa.

Ga wadda ke tunanin karɓar aikin biki ko haɗa kayan gara da shi, ga lissafi: tire ɗaya na ƙananan kek 12, da lokacin cirewa da jiran zafi ya dawo, minti 25 ne. Guda 200 zagaye 17 ke nan, wajen awa bakwai ana tsaye, in wuta ta yarda ta zauna. Irin wannan aiki na obin ɗin gas ne, ko na jikin babban murhun girki (kuka) ko wanda masu walda ke ƙerawa mai hawa biyu ko uku. Amma kek ɗin suna guda ɗaya, mitfai 10 na buɗe-baki, girebar sallah da za a yi cikin kwana biyu a hankali, da kazar da za a tari baƙi da ita, wannan obin ya ishe su. Kafin ki biya, ki sa mai shago ya jona shi a gabanki: ki ga sanduna huɗun sun yi ja, ki ji fanka ba ta gogar komai, ki rufe ƙofa ki duba ko akwai rata a gefenta, sannan ki karɓi rasit mai ɗauke da kwanan wata da sharaɗin garanti.